Hasumiyar Split Rock: Yadda Aka Shawo Kan Gaɓar da Ke Cin Jiragen Tama a Tafkin Superior

## Wurin da halinsa, kafin 1905

Split Rock hasumiyar fitila ce da aka gina don nuna wa jirage hanya a gaɓar arewa ta Tafkin Superior. Tafkin yana tsakanin Amurka da Kanada. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, wato ya ɗara jihar Neja girma, kuma inda ya fi zurfi ya wuce mita 400. Ruwan daɗi ne, amma matuƙan jirgi suna jin tsoronsa kamar yadda suke jin tsoron teku. A ƙarshensa na yamma tafkin yana tsukewa kamar mazurari har ya dangana da birnin Duluth na jihar Minnesota. Idan iska ta taso daga arewa maso gabas, sai ta bi tsawon tafkin gaba ɗaya tana tara igiyar ruwa, ta zo ta juye ta a wannan matsattsen lungu.

Abin da ke kai jirage can shi ne tama. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara haƙo ta a tuddan Vermilion da Mesabi, a kawo ta a jirgin ƙasa zuwa Duluth da Two Harbors, a loda wa jiragen ruwa su kai wa masana'antun ƙarfe. A 1901 aka kafa kamfanin U.S. Steel, reshensa na sufuri kuma, Pittsburgh Steamship Company, ya tashi da jirage sama da 100. Tsarin aikinsu a lokacin shi ne jirgi mai inji ya ɗaura wani dogon jirgin dako marar inji a bayansa da igiyar ƙarfe, ya ja shi. Kaya ninki biyu, kuɗin kwal ɗaya.

Gaɓar arewa ta wannan lungu bangon dutse ce. Akwai fitila a Two Harbors tun 1892, akwai wata a Grand Marais, amma a lokacin tsakaninsu fiye da kilomita 120 babu haske ko ɗaya. Babu titi, babu babban gari sai ƙananan sansanonin masunta da masu saran katako.

## Abin da matuƙa ke dogaro da shi, da dalilin gazawarsa

Kyaftin na wancan zamani yana da kayan aiki kaɗan idan dare ya yi ko hazo ya sauka. Na farko kamfas, mai allurar nuna arewa. A wannan gaɓar kamfas ba ya faɗin gaskiya, domin duwatsun bakin ruwa da na ƙarƙashinsa suna ɗauke da ƙarfe mai jan allura. Jikin jirgin ma ƙarfe ne, kuma karkatar allurar takan bambanta tsakanin lokacin da jirgi ke fanko da lokacin da aka cika shi da tama. Kuskuren digiri ɗaya kacal yana kauce da jirgi kusan kilomita 1.7 a kowace tafiyar kilomita 100. Digiri uku ko huɗu a cikin mazurarin nan ya isa ya kai mutum kan dutse yana zaton yana tsakiyar ruwa.

Na biyu igiyar awon zurfi, mai darma a bakinta. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana raguwa sannu a hankali, mai awo ya ga ƙasa na matsowa ya yi kururuwa a juya. A nan ruwan yana da zurfi har gindin dutsen. Kafin darma ta taɓa ƙasa, hancin jirgi ya riga ya isa bango.

Na uku lissafin gudu da lokaci: jirgi na tafiya kaza a awa, an yi awa kaza, don haka muna wuri kaza. Wannan yana aiki idan ruwa na kwance. Jirgin da ya hauro fanko don ɗaukar tama yana tsaye sama da ruwa kamar katanga, iska na tura shi gefe, farfelarsa na fita daga ruwa duk lokacin da igiya ta ɗaga bayansa. Lissafi ya rushe ke nan. Wasu kan busa usur su saurari amsa-kuwwa daga duwatsu, amma cikin rugugin guguwa ba a jin komai.

## Guguwar 27 da 28 ga Nuwamba, 1905

Ƙarshen Nuwamba lokaci ne na rige-rige, kowane kamfani na son ƙarin sawu ɗaya kafin ƙanƙara ta rufe hanya. A wannan karon iskar arewa maso gabas ta zo da dusar ƙanƙara mai rufe ido da sanyi mai tsanani. Jirage 29 ne suka lalace ko suka nutse a tafkin, mutum 36 suka rasu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jiragen na U.S. Steel ne, kuma kamfanin bai yi musu inshora ba.

Guguwar ta samo sunanta daga jirgin Mataafa, wanda ya bar Duluth da tama, ya ga ba dama ya juyo, ya bugi katangar mashigin tashar ya karye. Mutum tara suka mutu a ɓangarensa na baya, jama'ar gari na tsaye a bakin ruwa suna kallo ba su da yadda za su yi.

Abin da ya shafi wannan nazari ya faru ne can arewa maso gabas. Jirgin William Edenborn yana jan jirgin dako Madeira, mai tsawon ƙafa 436. Cikin dare aka raba igiyar da ke tsakaninsu, da fatan Madeira zai jefa anka ya tsaya. A ruwa mai irin wannan zurfi anka ba ta da abin kamawa. Edenborn ya je ya dafe a bakin kogin Split Rock ya rabu biyu. Madeira kuwa iska ta kai shi ta maka da dutsen Gold Rock kafin gari ya waye. Ɗaya daga cikin ma'aikatansa, Fred Benson, ya yi tsalle ya kama dutse da igiya a jikinsa, ya hau har sama, ya sako ta ya fid da 'yan uwansa. Mutum ɗaya ne ya rasu cikin goma. A wannan daren kuma jiragen Lafayette da Manila suka faɗa kan gaɓar kusa da Two Harbors.

## Neman kuɗi, 1906 zuwa 1907

Masu jirage suna da hanyoyi da dama a gabansu: su sayi inshora, su daina jan jirage marasa inji a ƙarshen kaka, ko su rufe aiki da wuri. Duk waɗannan daga aljihunsu za su fito. Sai ƙungiyarsu, Lake Carriers' Association, ta nufi Washington da buƙatar gwamnati ta gina hasumiyar fitila da jiniyar hazo a wannan gaɓar, shugaban Pittsburgh Steamship, Harry Coulby, yana kan gaba. A 1907 Majalisar Dokokin Amurka ta ware dala 75,000.

## Zane da gini, 1909 zuwa 1910

Injiniyan hukumar fitilu da ya tsara aikin shi ne Ralph Russell Tinkham, kamfanin L. D. Campbell and Son na Duluth kuma ya karɓi kwangila. Wurin da aka zaɓa kan wani dutse ne da ya miƙe tsaye daga ruwa kimanin ƙafa 130, wato mita 40, kusa da inda Madeira ya nutse.

Zaɓen wurin shi ne rabin zanen. Nisan da ake hango fitila a kan ruwa ya fi dogara da tsayinta fiye da ƙarfinta, saboda lanƙwasar doron ƙasa. Lissafin matuƙa shi ne a ɗauki tushen murabba'in tsayi a mita, a ninka da kusan 3.9, a sami nisa a kilomita. Fitilar da ke mita 12 sama da ruwa tana ɓacewa bayan kilomita 13 ko 14. A Split Rock tsakiyar gilashin yana ƙafa 168 sama da tafki, kimanin mita 51, abin da ke ba da kusan kilomita 28 ga wanda idonsa ke daidai da ruwa, ya kuma ƙaru ga kyaftin da ke saman jirgi. Nisan da aka rubuta wa fitilar a hukumance mil 22 ne, kimanin kilomita 35. Dutsen ya ɗauke wa magina yawancin tsayin, don haka hasumiyar kanta ƙafa 54 ce kawai, mita 16. Da a bakin ruwa mai yashi ne, sai an gina abin da ya ninka haka sau uku.

Hasumiyar mai kusurwa takwas ce. An fasa dutse da nakiya aka zuba harsashin kankare, aka kafa ƙashin ƙarfe, sannan aka lulluɓe shi da ƙonannen bulo mai launin ruwan ƙwai. Ƙarfen ne ke riƙe nauyin gilashi da bugun iska, bulon yana kare shi daga ruwa da sanyi. Kusa da ita aka gina ɗakin jiniya, ɗakin ajiyar mai shi kaɗai a gefe saboda gobara, gidaje uku na masu kula da fitila, da ɗakunan ajiya uku.

Wahalar aikin ba ta zane ba ce, ta kai kaya ce. Tunda babu hanya ta tudu, komai ta ruwa ya zo. Aka fara jan injin tururi zuwa saman dutsen, aka kafa doguwar ƙugiyar ɗaga kaya a bakinsa. Jirgi ya tsaya a ƙasa, ƙugiya ta sauka, a ɗaura bulo ko siminti ko ƙarfe, inji ya ja. Ta haka aka hau da kusan tan 310 na kayan gini. Ranar da ruwa ke motsi ba a aiki, domin jirgin da ke gindin bango igiya ɗaya ce za ta haɗa shi da dutse. An fara a bazarar 1909, aka dakata da hunturu, aka kunna fitila ranar 31 ga Yuli, 1910.

## Gilashi, fitila da injin juyawa

Gilashin irin wanda Augustin Fresnel na Faransa ya ƙirƙiro ne a farkon shekarun 1820. Maimakon ƙaton gilashi guda mai kauri wanda zai shanye haske ya kuma yi nauyin da ba a iya ɗauka, ana jera zobba na yankakken gilashi mai kusurwa uku a cikin firam na tagulla. Na tsakiya suna lanƙwasa haske, na sama da na ƙasa suna mayar da shi kamar madubi, duk su tura shi gaba a miƙe. Ana kasa irin waɗannan gilasai aji-aji bisa tazarar da ke tsakanin harshen wuta da gilashi: aji na ɗaya milimita 920, na biyu 700, na uku 500. Na Split Rock aji na uku ne, kamfanin Barbier, Bénard et Turenne na birnin Paris ya ƙera shi. An yi ɗakin saman da girman da zai ɗauki aji na biyu, amma kuɗi ya gaza, aka sa ƙaramin.

Fuska biyu gare shi, suna kallon gaba da baya kamar ƙwarya biyu da aka kife wa juna. Wannan zaɓi yana da dalili. Gilashi mai fuska takwas yana raba hasken gida takwas. Mai fuska biyu yana tara shi a bulala biyu kawai, kowacce ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma dole ya juya da sauri, in ba haka ba matuƙi zai daɗe yana jira tsakanin walƙiya da walƙiya. Na Split Rock yana zagaye ɗaya a daƙiƙa 20, wato walƙiya ɗaya duk daƙiƙa 10. Wannan ƙidayar ita ce sunan fitilar: kyaftin ya duba agogonsa, ya ƙirga, ya san ba Two Harbors yake gani ba.

Tayoyin ƙarfe ba za su jure juya abu mai nauyin tan da dama da irin wannan gudu kowane dare ba, sukan cinye su fara cijewa. Don haka aka ɗora gilashin a kan tukunya mai shawagi a cikin kwarin zaiba, kimanin laba 250. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13 da rabi, shi ya sa kaɗan daga cikinta ke ɗauke da kaya mai yawa, har mutum na iya tura gilashin da yatsa. Abin da ke juya shi injin agogo ne: nauyi rataye da waya yana sauka a hankali ta tsakiyar hasumiya, yana jan giyoyi. A nan gajartar hasumiyar ta karɓi ladanta, domin nauyin ba shi da doguwar hanyar sauka. Duk awa biyu sai mai tsaro ya hau ya yi wa injin wani, dare bakin dare.

Wutar kanta ta kananzir ce, irin tsarin fitila mai famfo. Ana matsa iska a tanki, ta tura kananzir cikin bututun da aka fara gasawa da wutar sibirit, man ya zama tururi, ya kama a cikin raga ya yi fari fat. Tana ba da hasken da ya ninka na lagwani sau da yawa, amma tana da rigima. Ramin da tururin ke fita ƙarami ne kamar bakin allura, datti kaɗan ya toshe shi, don haka ake tace mai kafin a zuba. Idan bututun bai yi zafi sosai ba, ɗanyen mai ya fito ya tashi da baƙin hayaƙi, a wayi gari ana goge gilashi ɗaya bayan ɗaya. Raga kuma da zarar ta ƙone ta zama toka a tsaye, ɗan girgiza ya karya ta.

Da rana akwai wani haɗarin. Gilashin da ke tura haske waje da dare yana tara hasken rana ciki, zafin kuma ya isa ya lalata fitilar. Saboda haka da asuba ake ja labule a zagaye ɗakin. Zaibar ma takan tara ƙura ta yi dauɗa a sama, gudu ya ragu, daƙiƙa 10 ta zama 11, sai an zuƙe ta an tace. A wancan lokaci ba a damu da gubar tururinta ba.

## Jiniyar hazo: gyara sau uku

Ruwan Superior yana da sanyi duk shekara. Idan iska mai ɗumi da laima ta bi ta kansa a bazara, sai hazo ya kwanta, fitilar mil 22 ta koma ba a ganinta daga mil ɗaya. Maganin da aka tanada shi ne jiniya mai aiki da matsattsiyar iska. Injinan fetur biyu masu ƙarfin doki 30 kowanne suna cika tankuna, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, iskar kuma ta fita ta ƙahonni biyu da ke kallon tafki.

Sauti a kan ruwan sanyi ba ya tafiya a miƙe. Bambancin zafi tsakanin iskar ƙasa da ta sama yana lanƙwasa shi, iska mai kaɗowa daga tafki tana rage masa nisa, har a sami wurin da jirgi na kusa ba ya ji alhali na nesa yana ji. Kuma daga sauti ba a iya gane nisa, sai dai a yi hasashen ɓangare. A 1932 aka canza injinan zuwa na dizal. A 1936 aka cire jiniyar aka sa ƙaho irin na diaphone, wanda fistan mai tsagu ke kaɗawa a ciki ya ba da murya biyu, ta ƙarshen mai kauri, domin sauti mai kauri ya fi tafiya nesa. A 1940 aka mayar da shi kan lantarki. A 1961 aka kashe shi gaba ɗaya.

## Kai kaya da zaman ma'aikata, 1910 zuwa 1940

Mutum uku ne ke riƙe tashar, babba da mataimaka biyu, suna raba dare. Na farko a shugabanci shi ne Orren Young, wanda ya zauna har 1928. A kakar farko, cikin Oktoba 1910, mataimakansa biyu suka nutse a ƙaramin kwale-kwale a hanyar Beaver Bay, inda ake karɓo wasiƙu. A shekarun farko ana rufe tashar a Disamba idan jirage sun daina tafiya, a dawo da bazara.

Ƙugiyar da aka yi gini da ita aka ci gaba da amfani da ita wajen hau da mai da kwal da abinci, da matsalarta ta jiran ruwa ya kwanta. A 1916 aka sauya dabara. Aka gina matsayar jirgi a wani lungu da ke kudu maso yamma inda gangaren ya fi sauƙi, aka shimfiɗa ɗan layin dogo a kan ginshiƙai, inji na jan amalanke da waya zuwa sama. Ya fi ƙugiya aminci, amma har yanzu sai jirgin kaya ya iso. Abin da ya kawo ƙarshen matsalar daga waje ya zo: a 1924 aka kammala babban titin gaɓar arewa, wanda yau ake kira Highway 61. Zuwa 1934 mota ce ke kawo kaya, aka bar layin dogon.

Titin ya kawo abin da ba a tsara ba, wato 'yan yawon buɗe ido. Masu tsaron da suka kwana suna wani da famfo sai ga su da rana suna zagayawa da baƙi. A 1939 aka haɗe hukumar fitilu da rundunar tsaron gaɓar ruwa ta Amurka. A 1940 lantarki ya iso, aka cire fitilar kananzir aka sa ƙwai mai wat 1,000, injin lantarki ya karɓi aikin juya gilashi.

## Rufewa da abin da ya biyo baya, 1969 zuwa yau

Daga shekarun 1920 jiragen tafkin suka fara samun kamfas mai juyi, wanda ke nemo arewa daga juyawar duniya ba daga maganaɗisu ba, don haka tamar dutse ba ta ruɗa shi. A wannan zamanin aka fara kafa tashoshin rediyo masu nuna wa jirgi ɓangare ko cikin hazo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu rada ta shigo, kyaftin na ganin bangon dutse a allo cikin duhu. A 1969 aka kashe fitilar a matsayin alamar hanya. Jihar Minnesota ta karɓi wurin a 1971, ƙungiyar tarihi ta jihar ta fara kula da shi a 1976, a 2011 kuma aka sa shi cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa. Gilashin na nan a mazauninsa, abin da ba kasafai ake samu ba, domin a yawancin tashoshi an sauke nasu an kai gidan tarihi.

## Hukunci

Ba a sake ganin asara irin ta 1905 a wannan gaɓar ba, amma ba daidai ba ne a jingina wa fitilar wannan duka. Aikin da ta yi na gaske shi ne na daren da sama ke a buɗe ko hazo bai yi kauri ba: ta ba kyaftin tabbataccen wuri guda da zai gwada kamfas ɗinsa da shi tun yana nesa da dutse. A nan zanen ya yi daidai. Ɗora gajeriyar hasumiya a kan dogon dutse ya sayi nisa da araha, gilashi mai fuska biyu a kan zaiba kuma ya rufe giɓin da ƙarancin kuɗi ya bari lokacin da aka koma aji na uku.

Daren da ya jawo gina ta kuwa, da tana nan ma da wuya ta canza komai. Cikin dusar ƙanƙara mai rufe ido ba a ganin haske, jiniya ba ta tafiya gaba da iskar arewa maso gabas, kuma Madeira ba shi da injin da zai juya ko da ma'aikatansa sun ga dutsen. Mataafa a bakin tashar da ke da fitilu ya karye. Ruɗin kamfas, wanda shi ne tushen matsalar, sabon kamfas da rediyo da rada ne suka kawar da shi, tare da raguwar al'adar jan jirage marasa inji. Ɓangaren da zanen ya fi rauni shi ne kai kaya: shekara 24 ana fama da ƙugiya da amalanke kafin mota ta karɓa.

Yanzu ana kunna fitilar ne a wasu ranaku na musamman. Mafi shahara ita ce 10 ga Nuwamba, don tunawa da mutum 29 na jirgin tama Edmund Fitzgerald, wanda ya nutse a gabashin tafkin a 1975, ɗauke da rada biyu da guguwa ta kashe masa a wannan yammacin.